Bayani Kan Injin Jan Kaya Na Ƙungiya Da Abin Da Ya Faru Ranar Gasa



Wata biyu ke nan da faruwar abin, amma har yau bidiyon nan bai daina yawo ba. Har daga Aliero da Illela an kira mu ana tambaya, wai da gaske ne kuɗin ƙungiya muka zuba a ƙarfen da ya miƙe tsaye kamar ingarma a hawan sallah? Da gaske ne. Injinmu ne, kuɗinku ne, kuma yaron da aka gani ya dira cikin taɓo yaronmu ne. Wanda ya ɗauki bidiyon ƙarshen labarin kawai ya ɗauka, shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu rubuta muku shi tun daga tushe.

Kowa ya san halin da matasanmu suka shiga tun 2022. A watan Yuni na shekarar aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida na Legas, a watan Satumba aka ƙara huɗu, ciki har da Kosofe inda muke. Wasu yaran sun koma Ikorodu, wasu sun tsallaka Ibafo da Mowe ta jihar Ogun, wasu sun tattara sun tafi gida. Sauran kuwa suka mayar da garejin ogan makanikanmu wurin zama. Da safe su zo, su taya shi wanke ƙarfe, ya saya musu abinci, da yamma a watse. Shekara ta zagayo ana haka, wata ma ta biyo bayanta.

Ga kuma matsalar layin nan na bayan kasuwa da ke kaiwa sito-sito na albasa. Da rani ba laifi. Amma da zarar ruwan Yuni ya sauka, tirela ba ta iya shiga, sai ta tsaya a bakin titi, a bar 'yan baro da 'yan dako da taɓo mai kai wa ƙauri. Buhun albasa kuwa ya kai kilo 100. Mota ɗaya sai ta kwana ana sauke ta, direba na faɗa, mai kaya na faɗa, albasar da ta jiƙa kuma kowa ya san makomarta.

A garejin nan ne wata rana wani yaro ya miƙo mana waya ya ce, "Malam Sakatare, zo ka ga haukan Turawa." Tarakta ce a Amurka, an cika ta da injina, tana fitar da baƙin hayaƙi sama kamar an kunna tayoyi, tana jan wata doguwar tirela a fili, dubban mutane suna ihu. Muka yi dariya muka ce wanda ya ƙoshi ba abin da ba zai yi ba. Mu a ƙauyukanmu tarakta ɗaya ake bin layi a kanta har shuka ta wuce, su kuma sun mayar da ita abin wasa.

Amma abin ya tsaya mana a rai, muka yi ta bincike a kansa. Ashe tsohon wasa ne na manoma. Da dawakai aka fara, kowa na gwada wanda dokinsa ya fi jan nauyi, kusan yadda mutanenmu ke cika baki da shanun huɗa. A 1929 aka fara yi da injina a jihohin Ohio da Missouri. Tun 1967 ake yin babbar gasa duk watan Agusta a garin Bowling Green na Ohio, a 1969 kuma aka kafa ƙungiyar wasan ta ƙasa, NTPA. Daga baya ya ƙetara Turai, mutanen Holan suka rungume shi. Filin ja a al'adar Amurka ƙafa 300 ne, a Turai mita 100. Akwai masu sa injin jirgin yaƙi na zamanin yaƙin duniya na biyu, akwai masu haɗa injina uku ko huɗu ko biyar a kan ƙarfe ɗaya. Akwai kuma ajin ƙananan taraktocin yankan ciyawa, waɗanda injinsu bai fi na niƙa ba. Wannan ajin ne ya sa Oga ya gyara zama.

Hikimar wasan tana jikin tirelar da ake ja. Bayanta tayoyi ne, gabanta kuma faranti ne na ƙarfe da ke gugar ƙasa. A samanta akwai akwati cike da nauyi. Lokacin tashi akwatin yana baya a kan tayoyi, ja bai da wuya. Ana tafiya akwatin yana matsowa gaba, yana danna farantin cikin ƙasa, har a kai inda tarakta ba ta iya ƙara ko taku ɗaya. A nan ake auna nisan kowa. Kafin a ƙera irin wannan tirela, mutane ake jerawa a gefen fili, farantin na wucewa suna hawa ɗaya bayan ɗaya.

Oga ya ce in dai injin da bai fi na niƙa ba zai ja wannan nauyi a ƙasa, to zai ja buhu goma sha biyar a kan amalanke cikin taɓonmu. Ya ce a ba shi kuɗin ƙarfe da yara huɗu.

Zaman da aka yi kan maganar bai yi daɗi ba, waɗanda suka halarta shaidu ne. Ma'aji ya miƙe ya ce, "Shugaba, Allah ya ƙara maka lafiya, kuɗin nan na marasa lafiya ne, da waɗanda aka tsare, da baƙon da guzuri ya yanke masa. In gobe ɗan uwa ya kwanta a asibiti, ƙarfe za mu kai masa?" Shugaban 'yan dako shi ma ya yi magana, ya ce duk buhun da inji ya ɗauka, abincin wani ne ya ɗauka. Mu 'yan kwamiti muka dage. Muka ce yara huɗu za su samu sana'a, injin zai dawo da kuɗinsa cikin damina ɗaya, 'yan dako kuma su za su ci gaba da lodi da saukewa. Aka ɗaga hannu, muka yi rinjaye da ƙyar. Aka fitar da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke asusu.

Sai zirga-zirga zuwa Owode Onirin. Wanda bai taɓa shiga kasuwar nan da niyyar haɗa mota daga tarkace ba, ba zai gane daɗin abin ba. Kullum Oga na gaba da igiyar awo a wuya, yara na biye, mu kuma muna baya da littafi muna rubuta ko wane ƙusa. Mun samu akwatin giya na tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura, da aksul na baya na ƙaramar motar ɗaukar kaya, da sitiyarin wata mota da ko sunanta ba mu sani ba. Injin kuwa sabo muka saya, ɗan Caina mai fistin ɗaya irin na manyan injinan niƙa, mai shan gas, mai ƙarfin doki ashirin da ɗoriya. Irin wanda ake murɗawa da hannu ya tashi, ruwan sanyaya shi kuma yana cikin wani buɗaɗɗen tanki a samansa, yana tafasa ana ƙarawa. Ku riƙe maganar tankin nan, za mu dawo kanta.

Mai sayarwa ya nuna mana ƙarami mai rahusa, muka ƙi. Mu a lokacin lissafinmu ɗaya ne: babban inji, babban ja. A kan injin muka kashe mafi yawan kuɗin, saboda haka da aka zo kan taya sai muka ɗauki tsofaffin tayoyin mota masu santsi. Muka ce ai taya taya ce.

Wata huɗu aka yi ana haɗawa. Gwajin farko injin ya fi ƙarfin giyar, ko a lamba ɗaya gudu yake kamar zai shiga shagon mai shayi, dole aka koma aka nemo akwatin giya na biyu aka jona a bayan na farko don a rage gudu a ƙara ƙarfi. Bel ya tsinke sau uku kafin a daidaita shi. Saboda layin yana da ƙunci, Oga ya gajarta jikin injin don ya iya juyawa, ya kuma matso da injin tsakiya kusa da giya. A lokacin duk mun yaba da dabarar. Ranar da ya fara zagaya garejin da ƙafarsa, yaran nan da suka shekara biyu ba su da abin yi sai da suka yi ta kabbara, ɗayansu har da hawaye. Wannan kam ba ma nadamarsa.

To ashe ba mu kaɗai muke wannan tunani ba. Baba mai walda na tsallaken layi, Bayaraben nan da aka haifa a Sabon Garin Kano, shi ma yana haɗa nasa a bayan shagonsa. Yawancinku kun san shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. A Kano ya koyi aiki a kan taraktocin Fiat da Massey Ferguson kafin ya dawo Legas. Kuma tunda yawancin 'yan kwamiti Gobirawa ne, kun san abin da ke tsakaninmu da Yarbawa. Kullum ya wuce sai ya leƙo ya ce, "Bayina, me kuke dafawa a tukunyar nan? In kun gama ku kawo wa ubangidanku ya ɗanɗana." Mu kuma mu ce masa abin da yake haɗawa ko akuya ba zai ja ba. Injinsa bai wuce doki goma sha biyu ba, tsoho ne ma, daga wani gidan niƙa da aka rufe ya saye shi.

Da wasa da wasa magana ta kai kunnen masu sito. Suka ce su ba za su ɗauki inji biyu ba, a gwada a gabansu, wanda ya fi shi za a ba jigilar daminar bana. Daga nan abin ya tashi daga wasan taubasai. Liman ya kira mu ya ce ya ji ana shirin sa kuɗi, ko sisi kar a sa, caca ce. Aka yi alkawari, kuma a iya saninmu an cika.

Muka aro tsarin tsofaffin manoman Amurka. Aka samo faffaɗan farantin ƙarfe aka lanƙwasa bakinsa, aka ɗora buhun yashi biyar, aka auna taku 100 a filin da ke bayan garejin. Duk taku goma mutum biyu za su hau. Inda inji ya tsaya a kafa sanda.

Ana gobe gasa muka yi gwaji da dare, sai ciki ya ɗuri ruwa. Da nauyi ya fara yawa sai taya ɗaya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana watsa laka, ɗayar kuma ta tsaya cak. Haka giyar tsakiyar aksul take, tayar da ta samu santsi ita take bai wa gudu. Ƙarfi na nan a inji, amma ba ya isa ƙasa. Wani yaro ya ce a ɗaga wurin ɗaura sarƙa sama, nauyin zai danna tayoyin baya su kama. Aka yi walda aka ɗaga shi har ya haura saman aksul. Aka gwada da buhunan yashi kawai, injin ya ja kamar ba komai a bayansa. Oga ya yi shiru yana kallon tayoyin gaba, ya ce shi dai bai so yadda sitiyarin ya yi sakayau ba. Mu ne muka ce masa, "Oga, gobe ne fa, kuma Bayarabe ne." Muna faɗin wannan ne don kar wani ya ɗora wa Oga ko yaron laifi. Da mu aka yi, mu muka matsa.

Ranar Lahadi bayan Azahar fili ya cika. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Aka jefa kwabo, Baba ya fara. Injinsa ya tashi yana tuf-tuf-tuf kamar mai tari, mutanenmu na ta dariya. Ya sa giya mafi ƙasa, ya tafi a hankali kamar mai rakiyar amarya. Taku goma, ashirin, talatin, mutane na hawa, sautin injin bai canza sosai ba. A wajen taku hamsin tayar hagu ta fara santsi, sai muka ga ya taka wani abu, tayar ta lafa, ta dama ta kama, ya ci gaba. Sai da ya kai taku 74, da mutum goma sha huɗu a kan faranti, sannan ya tsaya. Dariya ta ɗauke.

Namu ya tashi da ruri, hayaƙi ya turnuƙe, irin dai na bidiyo. Yaronmu ya saki kuloci, injin ya fizgi farantin har na farko da suka hau suka yi tangaɗi. Taku talatin cikin ƙiftawar ido. Mun fara murna. A wajen taku arba'in, da mutum takwas a kai, tayoyin baya suka kama ƙasa da kyau kamar yadda muka so. Farantin ya ƙi gaba, tayoyin sun ƙi santsi, ƙarfin bai da inda zai je, sai gaban injin ya tashi sama. Tafasasshen ruwan tankin nan ya kwaro baya kan yaron. Ya yi tsalle ya faɗa gefe. Allah ya sa bel ya zame a daidai lokacin, injin ya dawo ƙasa da ƙarfi har aksul na gaba ya karye. Da bel ɗin bai zame ba, da ta baya zai kife, a kan kujerar direba da mutanen da ke kan faranti.

Abin da kuka gani a bidiyo ke nan.

Yaron ya ƙone a hannun dama da cinya. Kwana tara ya yi a asibiti. Daga asusun nan dai aka biya. Ma'aji da kansa ya kai kuɗin, ya zauna da yaron har dare, kuma har yau bai buɗe baki ya ce ai na faɗa muku ba. Da ya faɗa ma da ya fi mana sauƙi.

Kwana uku bayan gasar Baba ya shigo garejin, ba wasa a bakinsa. Ya tambayi jikin yaro, ya zagaya injin sau biyu, ya tsuguna a bayansa ya daɗe yana kallon waldar da muka yi da dare. Ya ce da Oga, "Ɗan uwa, a Kano na ga tarakta ta kashe mutum a kan wannan. Kututture ya je cirewa, ya ɗaura sarƙa a sama. Ba a ɗaura ja sama da aksul, ko da wasa." Sannan ya ja mu shagonsa ya nuna mana nasa, bai ɓoye komai ba. Tayoyinsa tsofaffi ne amma na ƙaramar tarakta ne masu haƙora, kuma ya cika su da ruwa don su yi nauyi, ya rage musu iska don su baje a ƙasa. A kansu ya kashe kuɗinsa. Injin yana can gaba sosai, ga wani guntun ƙarfen reluwe a ɗaure a hanci. Abin da muka ga yana takawa kuwa birki ne, ko wace tayar baya da nata daban, kamar yadda ake yi wa tarakta ta gaske. Wadda ta yi santsi ya danne ta, ƙarfi ya koma wa ɗayar.

Da daddare muka koma kan bidiyoyin Amurkan nan, waɗanda muka kalla ya fi sau hamsin. Sai yanzu muka ga abin da ke ciki. Ko wace tarakta tana da ƙarafa biyu a baya kusa da ƙasa masu tare ta in ta miƙe. Ana auna nauyin ko wacce kafin ta shiga fili, ana auna tsayin wurin ɗaura sarƙa, a yawancin azuzuwa ba a yarda ya wuce inci 20 daga ƙasa ba. Akwai igiya daga tirela zuwa makashin inji, in sarƙa ta kuɓuce injin ya mutu nan take. Akwai bargon kariya da ake naɗe wa kuloci saboda in ya fashe kar ya yi wa mutane rotse. Za ka ga direba da mutanensa suna ta ɗauke guntayen ƙarfe daga gaba zuwa baya, daga baya zuwa gaba, suna duba ƙasar filin kafin a ja. Duk wannan yana cikin bidiyon tun ranar farko. Mu hayaƙin muka kalla.

Yanzu ga inda ake. An gyara aksul na gaba. An sauke wurin ɗaura sarƙa ƙasa da aksul, an ƙara tsawon jikin injin, an mayar da injin gaba, an yi wa tankin ruwa murfi da bututun da ke fitar da tururi gefe. An sa ƙarafan tarewa a baya da birki biyu. Baba ne ya yi waldar birkin, ya ƙi karɓar kuɗin hannu. Da muka matsa masa sai ya ce ubangida ba ya karɓar lada a hannun bayinsa, a nan muka san ya huce da mu. Tayoyi masu haƙora wani Alhaji daga cikin masu sito ya ba mu bashi, za a riƙa cirewa a aiki.

Jigilar bana ta Baba ce, ya ci halal ɗinsa. Amma ranar da motoci suka yi yawa injinsa ba ya isa, sai ya aiko a kira namu. Mako uku ke nan muna fita haka, muna ɗaukar buhu goma sha biyu a sawu ɗaya. Yara uku suna samun na abinci, ana kuma ajiye wani abu duk mako. Maganar da muka yi cewa kuɗin zai dawo cikin damina ɗaya ba ta tabbata ba, kuma a yadda ake tafiya ko damina biyu da wuya. Asusu bai koma yadda yake ba. A watan jiya an kawo buƙatar wani ɗan uwa da aka yi wa aiki, rabin abin da aka saba bayarwa muka iya bayarwa.

Maganar shugaban 'yan dako ita ma tana nan. Masu lodi da saukewa ba su rasa komai ba, amma 'yan baro sun ce sawunsu ya ragu a ranakun da injinan biyu ke aiki, kuma gaskiyarsu ne. Akwai shawarar a riƙa ɗaukar direbobi da yaran inji daga cikinsu, akwai ta a bar musu sito na kusa da titi. Ba a yanke ba, tana cikin abin da za a tattauna a zaman ƙarshen wata. Muna roƙon 'yan baro su zo da kansu, kar su aiko.

Takardun duk abin da aka kashe, daga injin har kuɗin asibiti, suna wurin Ma'aji. Duk ɗan ƙungiyar da ke son gani ya same shi a ofis bayan La'asar.

Baba ya ce a sake karawa bayan damina, a kan faranti ɗaya da fili ɗaya, amma da buhunan yashi maimakon mutane, kuma sai an auna sarƙar kowa. Kwamiti bai ba shi amsa ba tukuna. Yaron da ya ƙone ya warke, har ya dawo gareji, ya ce in za a yi shi zai tuƙa. Mun kira mahaifiyarsa a gida, ta ce ba da yawunta ba.

Wassalam.
Sakatare